Kurakuran da ɗaliban digiri na biyu ba sa gajiya da maimaitawa

Duk shekara sai wani ƙane ya same ni a gida nan Unguwar Rimi, Kaduna, ido ya yi ja, ya ce, "Yaya, sun mayar da ni baya." Tun kafin ya ƙarasa na san zancen, don ramin da ya faɗa ni na riga shi faɗawa.

Tsallake mataki shi ne uwa uba. Aikin kundi, a Jami'ar Jihar Kaduna (KASU) kake ko a ABU Zariya, hawa-hawa ne: a amince da maudu'inka, ka kare furofozal, wato babi na ɗaya zuwa na uku, sannan ka fita tattara bayanai, ka yi difens na cikin gida, wato kare aikin gaban malaman sashenku, daga ƙarshe malamin waje, mai tantancewa daga wata jami'a, ya zo. Ni kuwa zumuɗi ya ɗebe ni. Ana jiran a sa ranar furofozal, na buga takardun tambayoyi cike da kwali, na shafe makonni ina zarya tsakanin Kawo da Sabon Tasha, rana ta gasa ni, kuɗin Keke Napep ya cinye albashina. Ranar kare furofozal wata farfesa ta gyara tabarau ta ce manufofina biyar sun yi yawa, a mayar da su uku, a kuma sauya mutanen da zan tambaya. Cikin minti goma kwalin nan ya tashi daga aiki. Mai ƙosan ƙofar gidanmu ce ta ci ribar bincikena, ta yi wata biyu tana naɗe ƙosai da shi. Sauri ya haifi nawa, na yi asarar zango guda cur.

Tun daga ranar ba na barin kowa nawa ya buga takarda ko ɗaya sai sufabaiza, wato malamin da ke duba aikinsa, ya sa hannu a kan tambayoyin. In jira ya ishe ka, koma babi na biyu, bitar ayyukan magabata ba ta taɓa ƙoshi.

Sai ɓuya. Haba jama'a! Malam ya cika maka aiki da jan biro, ka yi fushi, ka ɓace wata huɗu, sannan ka bi gari kana cewa shi ya riƙe ka? Lokacin yajin aikin ASUU na 2022, daga Fabrairu zuwa Oktoba, na ga waɗanda suka naɗe littafi suka ce makaranta a rufe take. Da aka dawo, masu rubutu a gida suka wuce difens, su kuwa ko sunan maudu'insu sai da suka leƙa takarda. Abin da nake yi: ɗan littafi guda, duk gyaran da Malam ya faɗa in rubuta da kwanan wata, in zan koma in haɗa tsohon kwafi mai jan biro da sabon. Kuma ka daina kiran bawan Allah bayan Isha'i.

Manazarta kada ka bar su sai ƙarshe, zuba su a Zotero, manhajar tsara manazarta, tun ranar da ka karanta. Kowace Juma'a tura wa kanka aikin ta imel, filash ɓata yake, kwamfuta kuma dawowar wuta ɗaya ta ishe ta. Kwafe aikin wani daga intanet, Turnitin, manhajar gano satar rubutu, na jiran ka. Masu tarihi da siyasa, Gidan Arewa, cibiyar binciken tarihi, yana nan kan titin Rabah tun 1970, ga Ma'ajiyar Tarihi ta Ƙasa a cikin gari, amma wasunku har su gama ba su taka ƙofar ba.

Wanda kuma ya kai babi na huɗu shagon buga takardu aka sarrafa masa da SPSS, manhajar lissafin bayanai, ya tanadi amsa. Malamin waje zai buɗe shafi, ya ɗora yatsa a kan lamba ɗaya, ya ce, "Malam, wannan me take nufi?"