Yadda na gyara barcina a bazarar Damagaram

Ni ɗan fada ne a Zango, shekara da shekaru muna zaman shayi har ƙarfe ɗaya na dare. Da Afrilu ya shigo, zafi ya haura digiri 40, sai barci ya ƙaurace mini, na wayi gari ina faɗa da kowa har da yara.

Jikin mutum yana da agogonsa na awa 24, haske ne ke saita shi. Binciken wannan agogon ne ya ba Jeffrey Hall, Michael Rosbash da Michael Young kyautar Nobel a 2017, a kan ƙananan ƙudaje suka yi aikin, ka ji ikon Allah. In duhu ya yi, ƙwaƙwalwa na sakin sinadarin melatonin mai kawo barci, haske kuma yana danne shi. Saboda haka bayan sallar asuba kada ka koma ɗaki, zauna tsakar gida hantsi ya taɓa ka. Bayan isha'i kuwa ka ajiye waya.

Shayin ne ya fi ba ni wuya. Kafeyin, wato sinadarin da ke cikin shayi mai hana barci, yakan yi wajen awa 5 kafin rabinsa ya bar jini, don haka kofin ƙarshe na mayar da shi la'asar. Abokai sun yi ta tsiya, wai na tsufa.

Jiki sai ya ɗan huce barci ke zuwa. Watsa ruwa, shimfiɗa tabarma waje, amma ɗaura gidan sauro.