Masu tsohuwar Land Cruiser, in inji na misin ku duba nan tukuna

Salam 'yan uwa. Wannan damunar tawa ta fara misin, wato wani silinda ba ya cin wuta daidai, Land Cruiser 80 ce mai injin 1FZ, silinda 6, da safe tana rawa kamar mai zazzaɓi, salansa na ɓat-ɓat, in na hau gadar Kawo sai ƙarfi ya ƙare. Wani bakanike yana jin sauti ya ce wai sai an sauke inji, Allah ya sa ban yarda ba.

Ka tada mota ka bar ta a sulo, ka riƙa cire soket ɗin nozul (mai fesa wa kowane silinda fetur) ɗaya bayan ɗaya, wanda ka cire rawar ta ƙaru lafiyarsa lau, wanda ka cire ba abin da ya canza to nan matsalar take. Kar dai ka kama wayar fulogi da hannu inji na aiki, ni na sha shokin.

Sai ka kwance fulogin wurin ka kalli bakinsa. Baƙin toka, wuta ce ba ƙarfi ko fetur ya yi yawa. In ya jiƙe da baƙin mai, ringi ko sil ɗin bawul. In ko ya fito tas kamar an wanke shi kuma ruwan lagireto na raguwa, gaskit ne, wannan kam sai gareji.

Tawa ashe murfin distirbuta (mai raba wa fulogai wuta) ne ya tsage, ruwa ya shiga bayan na ratsa wani kududdufi a hanyar Kachia. Na samo wani a Panteka, na mayar da wayoyin fulogi bisa jerin da silinda ke karɓar wuta, wato 1-5-3-6-2-4, shikenan ta daina.