Yadda Ake Shirya wa Jarrabawar Fiziks, Daga WAEC Zuwa Ajin Farko na Jami'a

Ɗalibi zai iya kwana uku yana bitar babin motsi, ya haddace fomuloli tsaf, amma a ajiye masa tambaya ɗaya da aka ɗan juya ta sai biro ya tsaya cak. Ido ne ya saba da shafin, hannu bai saba da aikin ba. Don haka in kana da awa ɗaya ta karatu, ba wa karanta bayani minti 15, sauran 45 ɗin na biro da takarda ne, littafi a rufe.

Kafin ka shiga manhajar ma, gwada lissafinka, domin da yawa daga masu kukan fiziks a nan ake kayar da su. Ɗauki fomular lilo, T = 2π√(l/g), inda T ne lokacin lilo ɗaya, l tsawon zare, g kuma saurin ƙaruwar gudun abin da ƙasa ke ja, ka fitar da l. In ba ka kai ga l = gT²/4π² cikin minti ɗaya ba, makonka na farko na juya fomula ne, da lambobi irin su 3 × 10⁸, da sin, cos da tan. Gina karatu a kan lissafi mai rauni ɗaukar ruwa ne a kwando.

Akwai kuma tarkon da ya fi kama mai tunani da Hausa. Kalmar "ƙarfi" ɗaya muke da ita, fiziks kuwa ya raba ta uku: F (force) da ake aunawa da N, E (energy) da ake aunawa da J, da P (power) da ake aunawa da W. Haka "nauyi": buhun siminti m ɗinsa 50 kg ne, amma jan da ƙasa ke yi masa 500 N ne. "Zafi" ma biyu ne, Q (heat) da ake aunawa da J, da T (temperature) da ma'aunin zafi ke nunawa, ba T ta lilo ba. Duk sabon abu da ka koya, rubuta alamarsa da ma'auninsa kusa da shi, da su za ka riƙa tantancewa.

Yadda takardun suke

A WAEC takardu uku ne. Ta farko tambayoyin zaɓi 50 cikin awa ɗaya da minti 15. Ta biyu ta rubutu ce, awa ɗaya da rabi, maki 60: gajerun tambayoyi biyar daga cikin bakwai, sai dogaye uku daga cikin biyar, kuma dogayen nan su ke ɗauke da maki 45. Ta uku firaktikal, a amsa biyu daga cikin uku cikin awa biyu da minti 45, maki 50. NECO ma zaɓi, rubutu da firaktikal take yi. Nemi manhajar hukumar ka duba da kanka, sannan ka tara tambayoyin shekara goma da suka wuce. Kada ka bi su shekara-shekara da farko. Bi su babi-babi: ka gama lantarki, ka kwaso duk tambayoyin lantarki na shekarun nan ka yi su a jere. A nan za ka ga cewa tambaya ɗaya ce ake sauya wa riga. WAEC na kuma wallafa rahoton manyan masu duba takardun jarrabawa, inda ake lissafa wuraren da ɗalibai suka yi tuntuɓe kowace shekara, amma kaɗan ne ke leƙa shi.

Tambayar lissafi

Tsarin ɗaya ne kullum. Zana hoton abin, ko da bai yi kyau ba. Jera abin da aka ba ka da alamominsu, ka mayar da su mita, kilogiram da daƙiƙa tun kafin ka taɓa fomula. Rubuta fomular ita kaɗai a layinta, ka zuba lambobi a layi na gaba, amsa ta zo da ma'auninta. Mai maki yana ba da maki a kan fomula da zuba lambobi, saboda haka wanda ya nuna aikinsa ya kuskure a ƙarshe ya fi wanda ya dire amsa ita kaɗai ba a ga ta inda ta fito ba.

Ga misali. Hita mai 1500 W za ta ɗora ruwa 2 kg daga 30°C zuwa tafasa, c na ruwa, wato zafin da 1 kg ke buƙata ya hau digiri ɗaya, 4200 J/(kg·K) ne, θ kuma hawan zafin ne, 100 − 30 = 70. Q = mcθ = 2 × 4200 × 70 = 588,000 J. Lokaci shi ne Q a raba da P, wato daƙiƙa 392, kusan minti shida da rabi. Tsaya ka tambayi kanka, shin wannan ya yi kama da abin da ake gani a gida? Ya yi. Da amsar ta fito daƙiƙa 0.4 ko awa 100, ka san an yi ɓarin sifili a wani wuri. Da kuma ƙanƙara aka ce a fara da ita, sai an ƙara zafin narkewa, mL, wanda ake sha ba tare da ma'aunin zafi ya motsa ba. Wannan matakin ake yawan tsallakewa.

Sauran ramukan sanannu ne. 72 km/h sai an raba da 3.6 ya zama 20 m/s. Dokokin iskar gas da kelbin suke aiki, 27°C shi ne 300 K. Santimita murabba'i ɗaya 10⁻⁴ m² ne, ba 10⁻² ba. Ƙarfin 3 N da na 4 N da suka haɗu a kusurwar 90° suna ba da 5 N, ba 7 ba. In ka ɗauki sama a matsayin +, to g ta zama − har ƙarshen tambayar, ba a canza ra'ayi a tsakiya.

Ware littafi guda na kurakurai. Duk tambayar da ta kayar da kai, rubuta ta da dalilin faɗuwar a layi ɗaya: ma'auni ne, fomula ce, ko ban fahimci Turancin ba. Sake yin ta bayan kwana uku, sannan bayan mako, ba tare da leƙen amsa ba.

Firaktikal

Nan ne maki ya fi arha, nan ne kuma aka fi zubar da shi. Ɗauki gwajin lilo, wato ɗan ƙarfe a rataye da zare. Tsawon l daga inda aka maƙale zaren yake farawa zuwa tsakiyar ƙarfen, ba samansa ba. Ja shi kaɗan, kada ya wuce digiri 10, ka sake shi ba turawa. Zuwa da dawowa shi ne lilo ɗaya. Ana auna lokacin lilo 20 ne a raba da 20, saboda jinkirin yatsa wajen danna agogo ya rabu gida ashirin. Yi awon sau biyu ka ɗauki matsakaici. Lokacin zafi ake wannan jarrabawa, fanka na kaɗawa, to ka nemi a kashe wadda ke kanka ko ka matsa.

A tsawon 100 cm lilo 20 za su ɗauki kusan daƙiƙa 40.14, T = 2.007, T² = 4.03. A 40 cm kusan 25.4, T² = 1.61. Gangaren layin girafin T² da l zai ba da 4.03 s²/m, sai g = 4π²/4.03, wato 9.8. Amsar da kanta tana tona inda aka yi kuskure. In g ta fito kusan 39, rabin lilo ka ƙirga a matsayin ɗaya. In ta fito wajen 10.9, ka fara ƙirga da "ɗaya" lokacin da ka danna agogo maimakon "sifili", lilo 19 ka auna. In 980 ka gani, aikinka daidai ne, da santimita ka yi shi, sai ka rubuta cm/s².

Jadawali guda ɗaya za ka yi, kowane ginshiƙi da sunansa da ma'auninsa a sama, kuma yawan lambobin bayan ɗigo ya zama iri ɗaya daga sama har ƙasa. Rula tana auna 0.1 cm, don haka 40.0 ake rubutawa, ba 40 ba. A giraf, zaɓi sikeli na 1, 2, 5 ko 10. Sikelin 3 ko 7 zai ci maka lokaci ya kuma jawo kuskuren saka ɗigogi. Ɗigogin su mamaye aƙalla rabin takardar ta kowane ɓangare. Ja layi ɗaya miƙaƙƙe da fensir mai tsini, wanda ya raba ɗigogin daidai, kada ka bi su ɗaya-ɗaya kamar hanyar tururuwa. Alwatikar fitar da gangare ta zama babba, a kan layin da ka ja za ka ɗauki lambobinta, ba daga jadawali ba. In an tambayi inda layi ya yanki ginshiƙin tsaye, dole ginshiƙin kwance ya fara daga sifili.

A lantarki, amita a jere take shiga, boltmita kuwa tana rungumar abin da ake aunawa ta gefe biyu. Kashe makunni bayan kowane awo, in ba haka ba waya ta yi zafi, batir ya yi sanyi, lambobi su riƙa zamewa. A gwajin gilashi, fil ya tsaya a miƙe, da tazarar kusan 5 cm tsakanin biyu, kuma takardar zanen a haɗa ta da takardar amsa. Matakan kariya a rubuta su a matsayin abin da ka yi a wannan gwajin takamaimai. "Na yi hankali" ba ya kawo maki.

Makarantar da ba ta da kayan gwaji ba hujja ba ce a lilo: zare, notin ƙarfe na bakanike, tef ɗin tela da agogon waya sun isa ka cika jadawali ka zana giraf biyar kafin ranar.

JAMB

Tambayoyi 180 ne cikin awa biyu a kwamfuta, 40 na fiziks, wato daƙiƙa 40 ga kowace tambaya in an raba daidai. Ba lokacin dogon lissafi. Koyi tunanin ninki: gudu ya ninka biyu, kuzarin motsi ya ninka huɗu, tazarar caji biyu ta ninka biyu, ƙarfin da ke tsakaninsu ya koma kashi ɗaya cikin huɗu, zaren lilo ya ninka huɗu, T ta ninka biyu. Rezista 6 Ω da 3 Ω kafaɗa da kafaɗa suna ba da 2 Ω, kuma amsar irin wannan haɗi kullum ƙasa take da ƙaramin cikinsu, abin da kan kore zaɓi biyu nan take. Wadda ta cije, wuce ta ka dawo.

Ajin farko na jami'a

Wanda ya ci A1 ma kan sha mamaki a nan, domin babin ɗaya ne amma kayan aikin sun canza. Fomulolin v = u + at da 'yan uwanta suna aiki ne kawai in saurin ƙaruwar gudu, wato a, ba ya canzawa. Aka ba ka x = 2t³, sai kalkulas: v = 6t², a = 12t. Don haka kwas ɗin lissafi da na fiziks tare ake jan su, wanda ya bar ɗaya ya bar biyu. Yanzu g 9.8 ce ko 9.81, ba 10 ba, sai in an faɗa. Bekta kuma, wato adadi mai girma da alƙibla kamar ƙarfi, da i, j, k ake rubuta ta, a saba da warware kowane ƙarfi gida biyu tun makon farko.

Duba kalkuletarka kafin kowace takarda. Danna sin 30: in 0.5 ta fito tana kan digiri, in −0.988 ta fito tana kan radiyan. Tambayar kusurwa digiri take so, amma x = A cos(ωt) radiyan take so. A ω = 4 da t = 0.5, cos 2 shi ne −0.416, wanda ya bar ta kan digiri zai samu 0.999, ya gina sauran aikin a kai.

Tes da aikin gida suna ɗauke da maki 30 ko 40 cikin 100, gwargwadon jami'a, kuma rahoton ɗakin gwaji mako-mako ake tara makinsa, ba a rama shi daren jarrabawa. Takardun tutoriyal da lakcara ya raba su ne mafi kusa da abin da zai fito, a yi su kafin a je ajin, ba a je a kwafi allo ba. Saura mako biyu, zauna da cikakkiyar takardar bara, ka saita agogo daidai lokacinta, waya a wani ɗaki. Abin da ka kasa a zaman nan shi ne jadawalin karatunka na kwanakin da suka rage.