Yadda ake raɗa wa wasan tebur na almara suna mai tuno da zamanin da

Wasan da ake magana a kai shi ne wanda mutane ke zama kewaye da tebur, kowa ya ɗauki matsayin mayaƙi ko boka ko ɓarawo, mutum ɗaya ya riƙe ragamar labari, ana jefa ɗan ludo domin a san ko abin da jarumi ya yi niyya ya yiwu. Idan ka tsara irinsa da nufin dawo wa mutane da ɗanɗanon wasannin shekarun 1970 da 1980, sunan da za ka raɗa masa dole ya tayar da kewar wancan zamani, ya kuma faɗi gaskiya a kan abin da ake yi a teburinka.

Da farko, ka rubuta a jimla ɗaya abin da 'yan wasa za su fi ɓata lokaci a kai. Shin kutsawa cikin kogo ne da fitila a hannu ana neman dukiya, ko doguwar tafiya a daji, ko yaƙin masarautu? Daga cikin wannan jimla ka tsamo sunayen abubuwan da ake iya gani ko taɓawa, kamar takobi, kufai, taswira da rijiya, domin sun fi kalmomi irin su "ƙaddara" ko "ɗaukaka" zama a zuciya.

Sannan ka nazarci yadda magabata suka yi. Dungeons & Dragons, wanda Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar a 1974 a Amurka, ya haɗa wuri (kurkukun ƙarƙashin ƙasa) da abokin gaba (dodanni), kuma kalmomin biyu suna farawa da harafi ɗaya. Tunnels & Trolls na Ken St. Andre ya bi wannan sawu a 1975, haka ma Castles & Crusades a 2004. Duk wanda ya taso da waɗannan wasanni, da ya ji suna mai irin wannan amo zai san inda aka dosa. Amma a nan ne ake bukatar taka tsantsan, domin an bi hanyar har ta gaji, kuma sunan da ya yi kama da na asali fiye da kima yakan sa a ɗauki wasanka tamkar kwafi tun kafin a buɗe littafinsa. A ganina ya fi kyau ka ari siffa ɗaya kawai, ko haɗin kalmomi biyu ko maimaita harafi, sauran kuma ya fito daga duniyar da ka ƙirƙira. RuneQuest na 1978 bai bi salon ba ko kaɗan, amma har yau ana jin ƙamshin zamaninsa a jikinsa.

Mataki na gaba shi ne binciken haƙƙin mallaka, kuma ba a tsallake shi. Kamfanin TSR kansa, wanda ya wallafa Dungeons & Dragons, sai da ya sauya sunayen wasu halittu, ya mayar da hobbit zuwa halfling, bayan masu riƙe da haƙƙin ayyukan marubuci Tolkien sun yi ƙorafi. Lasisin OGL (Open Game License) da Wizards of the Coast, kamfanin da ya sayi TSR, ya fitar a 2000 ya ba wasu damar amfani da dokokin Dungeons & Dragons, bai ba da damar ɗaukar sunansa ba, shi ya sa Labyrinth Lord na 2007 da Swords & Wizardry na 2008 kowanne ya fito da sunan kansa. Ka duba rajistar tambarin kasuwanci ta ƙasar da za ka sayar, ka kuma bincika shafin DriveThruRPG, inda ake sayar da littattafan irin waɗannan wasanni, da intanet baki ɗaya.

Bayan ka tace sunayen sun rage uku ko huɗu, ka furta kowanne da ƙarfi cikin jimla, kamar "yau da dare za mu buga kaza". Ka duba yadda zai kasance idan aka gajarta shi, domin 'yan wasa za su gajarta ko ka so ko ka ƙi, kamar yadda Old-School Essentials ya koma OSE a bakinsu. Daga nan ka faɗa wa wanda bai taɓa ganin wasan ba sunan kaɗai, ka tambaye shi me yake tsammanin ana yi a ciki. Idan amsarsa ta yi nisa da jimlar da ka rubuta tun farko, ko dai ka sauya sunan, ko ka ƙara masa gajeren bayani a ƙarƙashinsa a bangon littafin.