Wace tsohuwar kyamara ta dace da aikinka?

Salam 'yan uwa. Masu tambaya kan kyamarar DSLR (irin wadda ake canza wa lensi) ta hannu, ku fara duba irin aikin da za ku yi da ita.

In hoton biki ne da na amarya, Canon 5D Mark II ta 2008 har yau tana fitar da fuska da kyau, musamman da lensi 50mm f/1.8. Matsalarta kuwa, ba ta saurin kama abin da ke gudu. Mai ɗaukar hawan sallah ko ƙwallo ya nemi Canon 7D, tana harba hoto 8 a daƙiƙa, ko doki ya zaburo ba zai kuɓuce mata ba. Amma a wuri mai duhu hotonta yakan yi tsakuwa-tsakuwa. Nan ne Nikon D700 ta fi ta, sai dai ba ta bidiyo sam.

Kafin ka biya, a duba maka yawan hotunan da ta taɓa ɗauka. An ƙera 5D Mark II don ɗaukar hoto wajen 150,000, in ta kusa haka, ka nemi ragi sosai. Duk ukun katin ajiyar hoto na CF suke amfani da shi, na SD ba ya shiga, ka sa kuɗin katin CF a lissafi.