Ga masu zuwa Akra binciken girgizar ƙasa

'Yan'uwa masu tasowa daga Zariya, Kano ko Yamai don aikin haɗin gwiwa kan girgizar ƙasa, sannunku da hanya. Masauki ba zai ba ku wuya ba. Nima, Mamobi, Sabon Zango da Madina duk namu ne, kuma mai zuwa Jami'ar Legon kullum, Madina ta fi masa kusa. Sai dai masu gida kan nemi hayar shekara ɗaya ko biyu a dunƙule, ku sa wannan a lissafi tun daga gida.

Tsaunukan Akwapim da za ku hau in kun doshi Aburi ragowar manyan duwatsu ne da suka tashi kimanin shekara miliyan 600 da suka wuce, lokacin da tsohon dunƙulen ƙasa na Afirka ta Yamma ya yi karo da na gabas da shi. Wannan jerin ya ratsa Togo da Benin ya shiga Najeriya, ke nan dutsen da 'yan Najeriya a cikinku suka baro a gida ɗan'uwan wannan ne. Tsagar Akwapim, wato doguwar karayar dutse a ƙarƙashin ƙasa, tana haɗuwa da ta bakin teku a yammacin birni, wajen Weija, shi ya sa Akra ke motsi. Ta girgiza a 1862 da 1906, sannan ranar 22 ga Yuni 1939 aka yi babba, mai ƙarfin kusan 6.5 a ma'aunin girgizar ƙasa, mutum 17 suka rasu. Ƙanana kuwa an ji su a 2018, 2020 da 2022.

Abin da na fi so ku riƙe shi ne kada ku binne na'ura ko ɗaya sai kun zauna da masanan ƙasar. Hukumar binciken ƙasa ta Gana tun 1913 take aiki, ita ke kula da tashoshin auna girgiza na ƙasar, kuma malaman Legon sun daɗe suna bin waɗannan tsagogi. Ku rubuta yarjejeniya da su: ina za a ajiye bayanan, yaushe za a buɗe wa kowa, sunan wa zai hau takarda, wa zai canza batir bayan kun koma. Wannan na ƙarshe shi ake mantawa, kuma shi ke kashe tasha. In kuna da alaƙa da cibiyar nazarin motsin ƙasa ta Toro a Jihar Bauci, ku shigar da ita tun farko, domin girgiza ɗaya da aka auna daga ƙasashe biyu ta fi saurin nuna inda ta taso. Wasiƙar abokan aikin nan naku na Gana ita za ku nuna wa kwastan kafin a saki kayanku.

A ƙauye ƙasa tana hannun sarakuna da dangi. Ku je gaisuwa da ɗan gari mai jin harshen wurin, ku yi bayani da kyau, don baƙo mai haƙa rami da na'ura a Gana, zinariya ake zaton yana nema, kuma mutane sun gaji da ɓarnar galamsey, wato haƙar zinariya ba bisa doka ba. Ku ɗauki mai gadi daga ƙauyen, ku biya shi a kan lokaci. Ku nisanci babban titi da wuraren fasa dutse, sautinsu yana lalata awo. Ramin ku gama shi kafin damina ta kankama a Afrilu, ku yi masa magudana.

A Zango, da zarar an ji aikinku za a tare ku bayan salla: "Malam, yaushe za a yi?" Ku faɗi gaskiya, babu na'urar da ke faɗin rana. A Janairun 2010 jita-jita ta waya ta sa jama'a da yawa suka kwana a waje. Ku bar sanarwa ga hukumar kula da bala'o'i ta Gana, NADMO, ku kuma ku koya wa maƙwabta shiga ƙarƙashin tebur mai ƙarfi da nisantar katanga in ƙasa ta motsa.