Kurakuran da ke kashe mota a zafin Sakkwato

Motar da ta yi shekaru tana yawo cikin sanyin Turai ko Amurka, ranar da ta iso Sakkwato ta shigo wata duniya daban. Daga Maris zuwa Mayu zafi kan haura digiri 40, da hunturu kuma ƙura ce har cikin inji. Yawancin asarar da nake gani masu mota suna yi, daga rashin lura da wannan take farawa.

Tun wurin saye ake fara kuskure. Mutum ya je duba mota da rana tsaka, dillali ya riga ya tayar da ita ta yi ɗumi, komai ya lafa. Ka nemi ganinta da sassafe, kafin kowa ya murza makulli. Ka ɗora hannu a kan inji ka ji sanyinsa, sannan a tayar kana tsaye a bayanta. Hayaƙi mai ruwan shuɗi daga salansa yana nufin inji na shan baƙin mai. Fari mai kauri da ba ya yankewa kuwa, ruwa ne ke shiga inda bai kamata ba. Buɗe murfin baƙin mai: idan ka ga wani abu kamar madara ya manne, kada ka biya kuɗi sai bakanikenka ya duba gaskit, wato shimfiɗar da ke tsakanin kan inji da jikinsa, mai hana ruwa haɗuwa da mai. Bakanikenka nake nufi, wanda ba ya jiran la'ada daga mai sayarwa. Lambar shasi ta motocin zamani haruffa da lambobi 17 ce, ka gwada ta jikin mota da ta takardun kwastam ɗaya bayan ɗaya, domin motar da ba a biya mata haraji ba ana iya karɓe ta a hanya.

Kuskuren da ya fi ci mini rai shi ne na ruwan lagireto. Ni ma na taɓa yinsa. Shekara guda ina ɗura wa motata ruwan rijiya, har ranar da ta ɗauki zafi a hanyar Gusau. Da aka kwance tiyo, abin da ya fito ja ne kamar kunun kanwa da ya ƙone. Ruwan rijiya da na burtsatse suna ɗauke da gishirin ƙasa, shi ke toshe ƙananan hanyoyin lagireto, ga tsatsa tana cin famfon ruwa. Ruwan kulan, wato ruwan sanyaya inji da ake sayarwa don lagireto, yana hana tsatsa, kuma ba ya saurin tafasa. Kuɗinsa bai kai ko kusa da na gaskit ba.

Idan mota ta fara ɗaukar zafi, sai wani ya ce maka, “Alhaji, a cire tamostat, wannan na ƙasar sanyi ne.” Don Allah kada ka yarda. Aikinsa riƙe inji a zafin da aka gina shi a kai, wajen digiri 90. Idan babu shi, da sanyin safiya inji ba ya ɗumi da wuri, kwamfutar mota ta yi ta ƙara fetur, kai kuma kana mamakin shan mai. Kuma ciwon yana nan, an rufe shi ne kawai. A duba fanka, murfin lagireto, famfon ruwa da tiyo. Idan allurar zafi ta hau kana tafiya, ka kashe AC, ka sauka gefen titi, ka kashe inji. Kada ka taɓa murfin lagireto sai ya huce sarai, ruwan ciki yana iya watso maka a fuska.

Taya ma tana tsufa ko da zanenta bai goge ba. A gefenta akwai lamba huɗu: 2319 na nufin mako na 23 a shekarar 2019. Tsohuwar taya mai tsattsagewa, ga kaya, ga kwalta mai zafi a hanyar Illela, nan take fashewa. Iska kuma a auna ta da safe, a bi adadin da ke manne a jikin ƙofar direba, kada mai faci ya buga da ƙafa ya ce ta yi.

Da hunturu ka ciro filtar iska ka ɗaga ta saitin rana. In haske bai ratsa ta ba, canza ta, hurawa da iskar mai faci ba ya maido da ita sabuwa.